Kafin A Ce An Sallama: Sayen Tsohon Gida A Potiskum

Jawabin da kwamitin sasantawa na ƙungiyarmu ya gabatar a wajen taron wata-wata

 

Shugabanni sun umarce mu da mu yi bayani a kan sayen tsohon gida, saboda a cikin ƙararrakin da ake kawo wa wannan kwamiti babu wanda ya fi cin rai kamar na gida. Rigimar bashi takan mutu a zama ɗaya ko biyu. Rigimar gida kuwa, sai a shekara ana abu ɗaya, wani lokaci ma wanda ya sayi gidan ya rasu ya bar wa 'ya'yansa ita.

Yawancinmu da ke zaune a nan kasuwar shanu ce ta kawo mu garin nan, ko ta kawo iyayenmu. Wani daga Kano, wani daga Haɗeja, wani daga Katagum, wani daga Damagaram. To, jama'a, a cikinmu wa zai shiga kara ran Laraba ya ga sa ya yi masa kyau daga nesa, ya ƙirga kuɗi ya miƙa? Babu. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, ya duba kofato. Kafin duk wannan ma, sai ya san fatoman da ya sauki mai dabbar, domin in ta fito ta sata ce a san wanda za a riƙe. Amma abin mamaki, mutumin da ya yi wannan bin diddigi a kan sa guda, shi ne zai tattara ribar shekara goma sha biyar ya sayi gida bayan ya leƙa shi sau ɗaya da la'asar, dillali na gaba yana biye. Dalili kuwa wai an ce masa akwai wani Alhaji da ya taya, in bai yi sauri ba za a riga shi.

Abin da muka lura da shi a zaman da muka sha yi shi ne, abubuwa biyu ne suke kayar da mai sayen tsohon gida, kuma duka biyun ba a ganinsu a leƙe ɗaya na rani: magada da ruwa. Sauran duk masu sauƙi ne.

Mu fara da magada. Tsohon gida a unguwanni irin su Hausawa Asibiti, ko Tsohuwar Kasuwa, ko Dogo Tebo, da wuya ka same shi a hannun wanda ya gina shi. Galibi maigidan ya riga mu gidan gaskiya, babban ɗa ne yake riƙe da makulli da takardu, shi ne kuma yake zuwa wajen dillali. Riƙe makulli fa ba mallaka ba ne. Bari mu buga misali da lissafi, domin a gane. A ce mutum ya rasu ba shi da iyaye a raye, ya bar mata biyu, da 'ya'ya maza uku, mata huɗu, gidan kuma an yi masa kuɗi Naira 8,000,000. Bayan an fitar da bashi da wasiyya, in akwai, matan nan biyu suna da tumuni, watau 1,000,000, su raba tsakaninsu. Saura 7,000,000. Kowace 'ya mace tana da 700,000, kowane namiji 1,400,000. Ke nan wannan babban ɗa da yake cika baki yana cewa "gidanmu ne, ni ne babba, na sallama", abin da ya mallaka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gidan ba. Mutum tara ne masu gidan. In ɗaya daga cikinsu ya rasu kafin a raba, rabonsa ya sake tsagewa zuwa ga nasa matan da 'ya'yan, sai tara ta koma ashirin.

Inda aka fi yin ganganci shi ne wajen mata. Sai a ce ai wance tana aure a Gombe, wance tana Gashuwa, ba sai an tayar musu da hankali ba, za a aika musu da nasu. Kada ku yarda da wannan magana. Ku ji daga bakinta, ko ta wakilta wani a rubuce a gaban shaidu. Yau ba ta ce komai ba domin tana jin kunyar yayanta. Shekara biyar nan gaba, aure ya mutu ko miji ya rasu, ta dawo da 'ya'ya ba ta da wurin zama, a ranar za ta tuna ba ta sa hannu a kan komai ba. Kuma gaskiya ce da ita.

Akwai wata mas'ala da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba sai sun ji ta a bakin alƙali, wato shufa'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, in mutane suna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, to abokin tarayyarsa yana da ikon ya mayar wa mai sayen kuɗinsa ya karɓi rabon. Maƙwabci kawai ba shi da wannan haƙƙi, sai abokin tarayya. Wanda yake gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Malamanmu da suka karanta Risala da Muhtasar suna nan zaune, in mun yi kuskure za su gyara mana. Ma'anar wannan a aikace ita ce, kana iya sayen sashen wani a cikin gidan gado, ka zauna, wani ɗan'uwansu ya dawo daga Legas ko Saudiyya ya ajiye maka kuɗin da ka biya shekarun baya, alhali kuɗin nan yanzu ba za su saya maka ko fili ba.

Sa'an nan ga abin da ya shafi garin nan musamman. Duk mun san abin da ya same mu a shekarun tashin hankali. Ba mu manta da harin da aka kai kasuwar shanu a farkon watan Mayu na 2012 ba, da abubuwan da suka biyo baya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A waɗannan shekaru mutane da yawa sun bar gari, an sayar da gidaje cikin gaggawa da araha, wasu ba tare da sanin sauran masu haƙƙi ba. Akwai kuma gidajen da har yau akwai ɗa ko ƙane da ya fita bai dawo ba, ba a ga gawarsa ba, ba a ji labarinsa ba. Shari'a ba ta ɗaukar wanda ya ɓace a matsayin matacce don kawai 'yan'uwansa sun gaji da jira. Rabonsa ajiye shi ake yi har sai alƙali ya yi hukunci. Saboda haka in za ku sayi gidan da ya canja hannu a tsakanin waɗannan shekaru, kada ku tsaya a kan wanda yake sayar muku. Ku tambaya shi daga wa ya saya, su wa suka shaida, magadan wancan sun cika kuwa? Haka nan in akwai marayu ƙanana a cikin magada, kawunsu ba shi da ikon sayar da rabonsu don ra'ayin kansa, sai wasiyyi ko da izinin kotu.

Wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama suna ba, yana nan cikinmu kuma shi ya ce a faɗa, ya sayi gida mai ɗaki bakwai daga hannun 'ya'ya maza huɗu, duk sun sa hannu. Ya rushe sashen baya ya tayar da ginin bulo. Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa, amaryar marigayin, ta zo da shaidu biyu cewa ɗakinta da rumfar gabansa mijinta ya ba ta kyauta tun yana da rai, ta kuma karɓa ta zauna a ciki. In haka ne, wannan sashe bai ma shiga gado ba balle 'ya'ya su sayar. Sai da muka yi zama shida. A ƙarshe ya sake biyan kuɗin wurin da ya riga ya biya, su kuwa 'ya'yan kowa ya riga ya kashe nasa. Don haka ku riƙa tambaya ɗaki ɗaki: wannan wa ya gina shi, da kuɗin wa? Zauren nan da ake karatun allo a ciki, ko ɗan masallacin ƙofar gida, aro ne ko wakafi? In wakafi ne, ba ya sayuwa, ko da magada duka sun yarda.

Hanya mafi lafiya, a ganinmu, ita ce a ce wa masu gida su je kotun shari'a a yi rabon gado, a ba su takarda mai ɗauke da sunan kowane magaji, sa'an nan a yi ciniki a kan wannan takarda. In suka ce wannan ɓata lokaci ne, to kun sami amsar da kuke nema.

Mu taɓa maganar takardun hukuma a taƙaice. Tun daga dokar ƙasa ta 1978, filayen cikin gari suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne, wanda galibi ake rubuta wa shekara 99. Dokar ta ce ba a mayar da wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, ta tabbatar da cewa wannan sharaɗi ya hau har kan gidajen da aka mallaka tun kafin dokar. Mun sani sarai yawancin gidajen unguwanninmu ba su da satifiket, sai takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ko hakimi, wani lokaci da ta ƙaramar hukuma. Ba mu ce kada a sayi irin waɗannan ba, in an ce haka ai rabin gari ba zai sayu ba. Abin da muke cewa shi ne a san abin da aka saya, kuɗinsa kuma ya bambanta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kuwa an nuna muku satifiket, ku nemi na asali, ba hoto ba, domin sau da yawa na asalin yana banki an karɓi bashi a kansa. Kada kuma ku yi mamaki in kun ga hatimin Jihar Borno, tunda sai ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe, wanda ya girmi 1976 ma za ku ga sunan Jihar Arewa Maso Gabas. Tsufan takarda ba aibi ba ne. Amma a ɗauki lambarta a je Damaturu, ofishin filaye na YOGIS, a duba ko sunan da ke fayil shi ne na takarda, da kuma kuɗin ƙasa na shekara nawa ake bin gidan. Gidan da ke bakin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye a 2006, ko wanda ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, a kira safiyo ya auna. In gini ya shiga haƙƙin hanya, ran da za a rushe ba mai tambayar nawa ka saya.

To, yanzu sai ruwa. Jama'a, gidan da aka nuna muku a watan Maris ba shi ne gidan da za ku kwana a ciki a watan Agusta ba. Da rani kowane gida tudu ne. Shi ya sa masu sayarwa suka fi son bazara, a shafa farar ƙasa ko fenti, a share tsakar gida a yayyafa ruwa. Wanda ya ga yadda damina ta 2022 ta yi da gidaje a jihar nan ba ya bukatar dogon bayani. Shawararmu ita ce, in da hali, kada a biya kuɗin tsohon gida sai an gan shi a cikin damina, kuma a je washegarin ruwa mai ƙarfi, da sassafe, ba tare da an sanar da dillali ba.

In ciniki ba zai jira damina ba, akwai alamun da fenti ba ya rufewa. Ku tsaya a bakin zaure ku duba: titi ne ya fi tsakar gida tudu, ko gidan ne ya fi? Tsofaffin gidaje da yawa an gina su a kan tudu, amma shekara da shekaru ana ciko a layi, ana zuba shara, maƙwabta suna ɗaga nasu, har gidan ya koma kwari. In sai ka sauka taki biyu kafin ka shiga, to ruwan layi ma haka zai sauka. Ku bi kwatar gidan da ƙafa har inda take fita. Wani gidan ruwansa ta cikin gidan maƙwabci yake bi, bisa wata yarjejeniya ta baka tsakanin tsofaffi biyu da duk sun rasu. Ran da ɗan maƙwabcin ya tashi gini ya toshe, ina za ka kai ƙara? Ku tsuguna ku duba gindin bango, kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa. In kun ga farin gishiri-gishiri yana fitowa, ko filasta ta kumbura, ko wani layi mai duhu ya zagaye ɗaki a tsayi ɗaya, wannan shaidar inda ruwa yake kaiwa ce.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tsohon kududdufi. Da can inda aka haƙi ƙasar gina unguwa nan yake zama kududdufi, daga baya a cike shi da shara a yanka filaye a sayar. Ginin da ke kan irin wannan wuri ba ya daina zama. Alamarsa tsagewar da ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, sama ta fi ƙasa faɗi, da ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Siririn tsagu kamar gashi a jikin filasta ba abin damuwa ba ne, kowane gida yana da shi. Amma wanda yatsa zai shiga, ko wanda aka lilliƙe da sabon siminti ya sake buɗewa, wannan daga ƙasa yake. Dillali ba zai gaya muku da kududdufi ne ba, watakila ma bai sani ba. Wanda zai gaya muku shi ne tsohon da ke zaune a dakalin masallaci, ko tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a lungun, wadda za ta ce, "Nan? Ai nan muke wanki muna yara." Ku aiki uwargida ta shiga gidajen maƙwabta ta gaisa da mata. Abin da za ta jiyo a rabin sa'a, ku ba za ku ji shi a wata guda ba.

Game da ginin kansa, ku je da birkilanku, ba na mai gida ba, ku biya shi kuɗin yininsa. Gidaje da yawa na ƙasa ne aka yi musu rigar siminti, sai a ce muku bulo ne. Ginin ƙasa ba laifi ba ne, ya ma fi sanyi a watan Afrilu, kuma in ana yi masa yaɓe yana kai jikoki. Illar ita ce siminti ba ya kama ƙasa da kyau, ruwa yakan shiga tsakani yana cin bangon a ɓoye, waje kuwa sumul. Ku ƙwanƙwasa da makulli, in kun ji yana amsawa kamar ganga, to akwai rami a ciki. In bulo ne, ku karce shi da ƙusa a inda ba filasta, wanda aka yi wa rowar siminti zai zubo kamar gari. A ɗaga silin guda a leƙa da tocila a ga katakon rufi, ko gara ta cinye shi, ko kwano ya yi tsatsa yana ganin rana. A ɗakin soro a soki azara da wuƙa a wajen da ta shiga bango, nan take fara ruɓewa. In tsohon silin asbesto ne, kada a bar yara su farfasa shi ko a yanka shi da zarto a cikin gida, ƙurarsa tana lahanta huhu.

Ku tambayi inda tsofaffin masai suke. Gidan da ya shekara arba'in ya cike masai biyu ko uku, wani lokaci an ɗora ɗaki a kan ɗaya, daɓen yana lotsawa a hankali. Ku auna tsakanin masai da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna son aƙalla mita 15, in da hali 30, a gidajenmu kuwa sau da yawa taki biyar ne. In haka ne, ku sa kuɗin 'yan garuwa ko na burtsatse a cikin lissafi. Wutar lantarki kuma, ku karɓi takardar biya ta ƙarshe ku je ofishin kamfanin rarraba wuta na Yola da ke nan gari ku ji bashin da ke kan gidan, domin akwai gidajen da ake bin su tun zamanin NEPA, kuma wanda aka tarar a ciki shi ake yanke wa waya. In akwai 'yan haya, ku ji daga bakinsu wata nawa suka biya gaba.

Ga masu son gida kusa da kasuwar shanu, muna da ra'ayi biyu a kwamiti, ba mu kuma daidaita ba. Wasunmu suna ganin riba ce, ga saukar baƙi, ga hayar ɗakuna, ga shago a jikin katanga. Wasunmu suna ganin mai ƙananan yara bai kamata ya kai iyalinsa inda tireloli suke juyawa ba, ga ƙura, ga ƙuda da damina. Abin da muka yarda a kai shi ne, mai so ya je ya yini a layin ran Laraba, ya kuma koma da daren Talata lokacin da motoci suke shigowa, sa'an nan ya yanke wa kansa.

In duk an gamsu, sai a zo kan biya. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, a kuma rubuta cewa za a mayar in wani magaji ya ƙi ko takarda ta ƙi fitowa. A tara duk gyaran da birkila ya lissafa a cire daga tayi, ba kunya a ciki. Duk aibin da mai gida ya sani ya faɗa a rubuta, domin a shari'a wanda aka ɓoye wa aibi yana da ikon mayarwa, amma wanda ya gani ya yi shiru ya rushe ya gina, maganarsa ta yi rauni. A yi la'ada a fili, a san nawa ne, wa zai biya. A kira maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, su tsaya a nuna iyaka a gabansu, a faɗi katangar da ta ke ta tarayya. A yi wannan a gaban mai unguwa ko bulama, da sanin hakimi. Mu tuna, komai daɗewarmu a ƙasar Fika da Pataskum, in rigima ta tashi ɗan gari yana da dangin da za su cika zaure, mu kuwa takardarmu da shaidunmu su ne danginmu. Saboda haka a cikin shaidu a sa 'yan gari, Bolewa ko Ngizim ko Karekare, waɗanda unguwa ta san su, kada a tara 'yan ƙungiya zalla. A zaɓi masu ƙuruciya a ciki, domin shaidar da za a nema bayan shekara ashirin ce. Kuɗi kuma a biya ta banki, in da hali kowane magaji a asusunsa, kada a danƙa wa mutum ɗaya a buhu a ce ya raba.

Kwamiti ya ware mutum uku, da malami ɗaya, da birkila ɗaya, waɗanda za su raka duk ɗan ƙungiyar da ke shirin sayen gida, ba tare da an biya su komai ba sai kuɗin mota da na yinin birkila. Sharaɗin kawai shi ne a sanar da sakatare kafin a ba da kafin alƙalami, ba bayan an bayar ba. Shugaba ya ce akwai saura minti ashirin kafin la'asar, saboda haka mai tambaya sai ya ɗaga hannu, iyayenmu mata kuma su aiko da tasu ta hannun shugabarsu.